Ɗakin da Yake Komawa Sifili

Anti Hadijatu, don Allah ki taimake ni kafin in zalunci bawan Allah.

Mahaifina ya rasu bara, ya bar mana ƙaramin masaukin baƙi a Naraguta, kusa da wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa. Ni ce babba, ni nake kula da wurin. Muna aiki da manhaja wadda za ka sa wa kowane ɗaki farashin tushe, ita kuma ta riƙa ɗagawa da saukewa gwargwadon yawan masu nema. Baba ne ya sa ta da kansa, duk da a ƙarshe idonsa ya yi rauni, sai Inna, mahaifiyata, ta riƙa danna masa waya yana faɗa.

Da na karɓi aiki na tarar ɗakin ƙurya, mai kallon ruwan, farashinsa sifili ne. Na san Baba yakan kwantar da wanda mota ta lalace masa ko mai jinya a can kyauta, amma Anti, man janareta ba ya jin sadaka. Na sa masa farashi daidai da sauran.

Washegari ya koma sifili. Na gyara, ya koma. Da na duba wanda ya canza, sunan Baba na gani. Yanzu ko da rana ba na iya bin barandar nan, ina ji kamar ana kallona ta tagar ɗakin. Mai shara ma ta ce takan ji ƙamshin turarensa a ciki.

Mijina ya ce ba wani fatalwa, Pwajok ne, mai karɓar baƙinmu, yana sauke farashi ya sa kuɗin a aljihunsa, in kore shi ƙarshen wata. Pwajok ya rantse har da hawaye, ya ce tun yana saurayi yake wa Oga, wato Baba, aiki bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Na gaya wa Inna, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbi. Dama ba ta doguwar magana da ni, ko sunana ba ta kira. Ina tsoro, Anti. In kore shi?

'Yar Fari, Jos

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki. Kada ki kori Pwajok. Ɓarawo ba ya sata da sunan mamaci ya bar sawu a fili, kuma ba ki ce kuɗi sun ɓace ba.

Kina da gaskiya ta wani gefen. Masauki sana'a ce, kuma farashin tushe shi ne harsashin da manhaja take gini a kai, sifili na iya rikita mata lissafi. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Wa ke danna wa Baba waya? A hannun wa take yanzu? Ke 'yar fari ce, mahaifiyarki ba za ta dubi idonki ta ce kin rufe ƙofar sadakar mijinta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ina zaton da yatsa take gaya miki abin da bakinta ya kasa.

Kada ki titsiye ta. Ki tura ƙanwarki ko gwaggonki ta tambaya cikin hikima. Sannan ki sa masu manhajar su cire ɗakin daga jerin na haya, ki ɗan daidaita farashin sauran, ki miƙa wa Inna makullinsa. Pwajok kuma ki ba shi haƙuri.

In kuwa aka tarar wayar Baba tana kashe a ƙasan akwati tun ranar jana'iza, to ba ni da bayani, 'yata. Ki yi masa addu'a, ki bar ɗakin yadda ya bar shi. Allah ya kawo miki baƙi masu albarka.

Anti Hadijatu