Kada a Kulle Nababa a Ɗaki

Assalamu alaikum Yaya Muhammadu Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Watari sai godiya, duk da taki ya gagari talaka bana, tumatir kuma tsutsa ta gama da shi. Inna ta ji sauƙin gwiwa, har ta koma faɗanta da kaji.

Saƙonka ya iso, cewa a kulle ɗanka Nababa a ɗaki sai ya rabu da abin da yake sha. Yaya, ban yi ba, kuma ba zan bari a yi ba. Wallahi yaron nan bai je neman giya ba. 'Yan kwalaben nan ne da ake kai wa masu ban ruwa da sunan maganin ciwon baya. Yana kwankwaɗa don ya iya wuni a duƙe, ashe barasa ce fal a ciki. Mun farga ne ranar da ya taka lauje, jini na zuba, shi ko a jikinsa. Da Baffa Sabo ya ƙwace kwalaben, sai karkarwa ta kama yaron har ya sandare. Aka ce iska ce, aka hau yi masa hayaƙi. Ni dai na sa shi a mota, sai asibitin Bici.

Likita ta zaunar da ni ta ce a cikin lakar bayan mutum akwai jijiyoyin da aikinsu birki ne, su ke tsawata wa sauran. Barasa taka birkin nan take yi, shi ya sa ƙafa ke mutuwa, ba a jin zafi. In an daɗe ana sha, jiki sai ya sassauta nasa birkin. Ranar da aka janye ta farat ɗaya, babu mai riƙe jijiyoyin, jijjiga na iya kashe mutum. Ta ce a gabansu za su yaye shi da magani, a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san kunyar gari ce ke cin ka, ni ma ta ci ni. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Jiya Nababa ya tambaye ni ko ka tsine masa. Sai kawai na fashe da kuka. Ka kira shi, Yaya, ya ji amsar daga bakinka.

Inna da Hure da Sauda suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Zulaihatu