Kifi Ɗaya A Rana

Nakkasa, Makka
Farkon Rajab, 1439

Zuwa ga ƙanena Falalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da ruwan gishirinka. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Na kira wayarka har na gaji, kullum a kashe, wai babu sabis a teku. Shi ya sa na koma irin ta mutanen da, na ba Ɗaso mai motar ƙanƙara wannan takarda, tunda shi kullum ƙafarsa na Shu'aiba, can bakin tekun naku.

Abin da ake ta faɗa ya tabbata. 'Yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, sun hawo dutsenmu da jan fenti, sun rubuta "izala" a kowane bango na lungunmu, har da ɗakin da Inna ta cika a ciki. Ma'anarsa, rushe mu za a yi. Kowa na ɗaure kaya, wasu za su gangara Misfala wajen dangi, wasu ba su ma san inda za su dosa ba.

Mu matan lungu mun zauna mun ce ba za mu watse kamar kaji ba. Juma'ar ƙarshen wata za mu dafa sayadiyya, shinkafa da kifi, mu ci a tire ɗaya, mu yafi juna. Hajiya Baraka ta ɗauki shinkafa, gidan Malam Dauda mai da albasa. Da aka zo kan kifi sai kowa ya noƙe. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce ai ina da ƙane a teku, kifin tuna ma zai kawo, wanda zai ishi lungu kaf. Hajiya Baraka ta tafa hannu ta ce, "Ya salam! Wannan ƙanen da muke jin labarinsa, ko ƙayar kifinsa ba mu taɓa gani ba?" Aka yi ta dariya, ni kuma na ƙara rantsewa.

To, ka ji. Ni na goya ka, kada ka bari a yi mini dariya a ranar ƙarshe.

Yayarka,
Saudatu

*

Shu'aiba
Rajab, 1439

Yaya Saudatu,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, Ɗaso ya miƙo mini ita a jiƙe kamar yadda yake miƙo komai. Labarin izala ya taɓa ni, musamman ɗakin Inna. Allah ya sa haka shi ya fi alheri.

Maganar kifi kuwa, Yaya, bari in yi miki bayani, don na ga kin ɗauka teku gonar Baba ce. Jirgin da nake tuƙawa na kafilina ne, wato Balaraben da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, kuma jirgin nuzha ne, na yawon shaƙatawa. Baƙinsa nake fita da su su jefa ƙugiya su ɗauki hoto. Ba mu da izinin masunta 'yan kasuwa, su nasu adadin daban ne. Mu abin da aka yanka mana shi ne babban kifin tuna ɗaya a rana, ga jirgi ɗaya, ko mutum goma ne a ciki. In mun dawo, ƙofa ɗaya ake shiga, masu gadin teku suna nan, su buɗe akwatin ƙanƙara su duba. Ba sa dariya, ba sa jin "don Allah".

Kuma dokar ba ta zalunci ba ce. Tsofaffin da na tarar a nan sun ce da can rabin sa'a ya isa ka cika jirgi, yanzu sai mu wuni muna ƙona mai. Kin tuna Baba a Yawuri, in ya ɗago giwan ruwa mai ƙwai, mayar da ita yake yi, Inna na faɗa yana murmushi.

Na roƙi kafili ya ba ni jirgin ranar Alhamis, ya yarda. Zan kawo ɗaya in Allah ya so. Ki daina ganinsa kamar tarwaɗa, wannan kifi ne da sai mutum biyu sun kama kafin ya ɗagu. In kin yanka shi da hankali zai zagaya.

Ki gaida mai gidanki da yara. Ki ce wa Hajiya Baraka ta shirya haƙoranta, in akwai saura.

Ƙanenki,
Falalu

*

Nakkasa

Falalu,

Salamu alaikum. Na karanta wa'azinka.

Ɗaya? Na faɗa wa Hajiya Baraka, ta ce to sai a rataye shi a bakin lungu kowa ya zo ya sansana. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ka san nan ba a cin kifi a ɓoye, ƙamshi ke tona asiri. Duk ƙofar da ƙamshi ya shiga, kwano ya biyo baya, haka muka tarar. Na ƙasan dutse ma sun ji labari, za su hawo.

Ranar da Inna ta rasu kana teku, wayarka a kashe. Matan nan su suka yi mata wanka, su suka ɗinka likkafani, su suka kwana da ni. Ba su ce mini an yanka musu adadi ba. Yau za su watse har abada, kai kana ƙirga mini kifin da Allah ya zuba a ruwa ba da lissafi ba. Teku guda za ta rasa kifi biyu ta yi kuka?

In ba za ka iya ba, bari kawai. Zan ce musu ƙanen nawa ɗan doka ne.

Saudatu

*

Nakkasa
Asabar, ƙarshen Rajab

Ƙanena na kaina, Falalu ɗan Sarkawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah! Allah ya yi maka albarka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Uku! Da Ɗaso ya buɗe bayan mota, sai da maza huɗu suka taru kafin a haura da na farko ta matakalar dutse. Yara na biye suna ihu. Hajiya Baraka ta zagaya su ta zagaya, ta ce, "Khalas, na janye. Wannan ba ƙane ba ne, sarkin ruwa ne." Na ji kamar a ba ni Makka kyauta.

Biyu daga ciki cike suke da ƙwai, mata har da 'yar rigima a kansa. An ci an ƙoshi, an yi kuka, an yafi juna. Malam Dauda ya yi addu'a ya ambaci sunanka, lungu duka ya amsa da amin. Abin da ya rage mun sa a babbar firizar Hajiya Baraka, za a raba wa kowa ya tafi da shi sabon mazauni.

Amma kai me ya hana ka zuwa? Na ajiye maka kan kifi da ƙanzo. Shi ma Ɗaso ya ƙi zama, ya ƙi cin ko loma, na tambaye shi kai ya ce kana da aiki, yana maganar yana kallon tayar motarsa. Ko fushin takardata ta baya ne? Ka san halina, in raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami. Ka yi haƙuri, ya wuce.

Ka zo kafin a rushe, ka ga ɗakin Inna.

Yayarka mai alfahari da kai,
Saudatu

*

Gidan tsare masu jiran tarhil (mayarwa ƙasarsu)
Sha'aban, 1439

Yaya Saudatu,

Wa alaikumus salam. Kada ki firgita da ganin inda nake rubutowa. Lafiyata lau, ana ba mu abinci, kuma na sami 'yan Kabi biyu a ɗakinmu, hira ba ta yankewa. Sun karɓe wayata. Kafin su karɓe ta na kira Ɗaso, ni na hana shi faɗa miki, don kada ya ɓata muku taro. Kada ki ga laifinsa.

Ga yadda aka yi. Ranar Alhamis na kama na farko tun hantsi. Na juya kan jirgi zan dawo, sai na kashe inji na zauna. Maganarki ta Inna ce ta ƙi fita daga kunnena. Na sake jefawa, na biyu ya zo, na uku ma ya zo, kamar suna jirana. Da na ga cikinsu na san masu ƙwai ne. Na tuna Baba, na kau da kai.

Tunda ba zan shiga ƙofa da uku ba, sai na ratse wata gaɓa da babu kowa, inda muka shirya da Ɗaso, na sauke masa duka ya wuce. Ashe kifi na ganinka mai jar koma. Masu sintiri suna kallona da madubin nesa tun daga can. A wurinsu wuce adadi laifi ne, amma sauke kaya a bayan ƙofa ya fi shi girma, don ta haka masu fasa-ƙwauri ke yi. Sun tambaye ni motar wa, na ce ban san shi ba. Har yau haka nake cewa.

An dakatar da izinin jirgin. Kafili ya zo, bai zage ni ba, ya dai ce ya ba ni amana na mayar masa da kunya. Wannan ta fi mari zafi, don mutumin kirki ne. Ya cire hannunsa daga iƙamata, takardar izinin zamana. Za a mayar da ni gida, kuma ba na jin zan sake shigowa nan kusa.

Kada ki ce ke ce. Hannuna ya riƙe ƙugiya, kuma na san doka fiye da ke. Ni ma ina jin nauyin matan nan tun ranar Inna, ban taɓa faɗa ba ne.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Kin ce an sa saura a firiza. An raba? Ya kai kowane gida? In na san duka ukun sun shiga cikin mutanen da suka wanke Inna, ba abin da ya tafi a banza, wallahi zan hau jirgin sama da sanyin zuciya.

Ƙanenki,
Falalu

*

Misfala
Sha'aban

'Yata Saudatu,

Salamu alaikum. Ya gajiyar ƙaura, ya yara? Na kira ki ba iyaka kin ƙi ɗauka, shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan. Ɗaso ya gaya mini komai, har da tambayar da yaron ya yi miki. Ya ce tun da kika karanta ba ki ci abin kirki ba.

Ni ma ba na barci, ya binti. Wasa nake yi miki. Shekara nawa muna tare, ba ki san bakina ba? Da kin kawo gwangwanin sadin ma da mun ci mun yi shewa. Baki shi ke yanka wuya, amma wannan karon bakina da naki ne, wuyan na wani.

Jiya na je gidan kafilin nasa ni da matar Malam Dauda. Uwargidan ta karɓe mu da mutunci, ta ba mu shayi, ta ce magana ta riga ta bar hannunsu. Mun fito muna share hawaye.

Yanzu batun kifi. Ni da ke kaɗai muka buɗe firizar nan, sai Ɗaso da ya kwashe. Ba wanda ya san 'yan baladiyya sun yanke wutar lungu tun ranar Asabar da rana, muna can muna ta jigilar kaya, ba mu waiwaye ta ba sai da wari ya kira mu. Ba wanda ya san ɗaya da 'yan yanka kaɗan muka iya ci ranar Juma'a, sauran duk bola ya tafi, ko kyanwa ba ta kusance shi ba. Yaron ya yi gaskiya tun farko, ɗaya ya isa.

Shawarata, ki ce masa an raba, kowa ya samu. Na ja wa Ɗaso kunne, ni ma bakina a rufe, karon farko a rayuwata. Mutum zai bar ƙasa da jaka ɗaya, ki bar shi ya tafi da wannan ɗin. In zunubi ne a rubuta a kaina, na ɗauka.

Ki ci abinci. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Uwarki,
Baraka

*

Makka
Sha'aban

Ƙanena Falalu,

Assalamu alaikum. Ɗaso ya ce jibi ne tafiyarka. Na haɗa maka kayanka, na sa da bargon Inna. An rushe ɗakin shekaranjiya.

Ka ce kada in ce ni ce. Ni ce, Falalu. Na san inda ke maka ciwo, nan na danna. Ka yafe mini in za ka iya, in ba yanzu ba, wata rana.

Ka yi mini tambaya. An ba ni amsar da zan ba ka, mai daɗi, na rubuta ta na yaga. Da bakina na kai ka inda kake, ba zan raka ka da ƙarya ba.

Ranar Juma'a kowa ya ci, kowa ya ƙoshi, kowa ya sa maka albarka. Wannan gaskiya ne, ka riƙe shi. Sauran tambayar ka bar mini ita a wuyana, ni ya kamata in ɗauka.

Allah ya sauke ka lafiya. Ka gaida Yawuri.

Yayarka,
Saudatu