Ledar Talabijin Ɗinku Ta Shiga Murhun Mahaifiyata

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke harhaɗa talabijin mai tambarin "kwantom dot",

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan Yallaɓai yana lafiya. Mu dai ba mu da tabbacin tamu.

Ni malamar kimiyya ce a Dogo Tebo, Potiskum. Gab da azumi talabijin ɗinku da muka saya ya faɗo daga bango ya fashe. Mai gyara ya buɗe, ya ce ya mutu, ya bar mana gawar. A ciki akwai wata faffaɗar leda mai ruwan ɗorawa. Mahaifiyata, Inna, masa take soyawa, kuma kamar matan garin nan, da leda take kunna gawayi. Ta yanka ta siri-siri. Azumin nan kaf da ita ta tayar da wuta, fuskarta a bakin murhu tana fifita.

Sai da na ga ragowar ledar na gane abin da take ƙonawa. Ga ƙorafina:

1. Ɗigo-ɗigon nan, wato "kwantom dot" da kuke talla da su, ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, a shafe cikin wannan ledar. Na karanta cewa haɗa su aiki ne mai wuya, shi ya sa wasu masana'antu ke sa kadmiyom don launi ya fita tas, wasu kuma ba sa sawa. Kadmiyom guba ne: hayaƙinsa yana cin huhu, yana zama a ƙoda shekara da shekaru. Naku wanne ne? Na duba kwali, na duba ɗan littafin, shiru.

2. Dilanku ya ce ledar a like take, babu abin da zai fita. A like a ɗakin gwajinku, Yallaɓai. Kun aiko kaya garin da ba a yar da leda, amma ko layi ɗaya na Hausa ba ku rubuta ba cewa kada a ƙona.

3. Yanzu Inna tari take yi, numfashinta da ƙyar. Likita ya ce mai yiwuwa gawayin ne kawai, amma ba zai tura mu gwaji ba sai ya san abin da ake nema.

Don girman Allah, ku amsa mini da kalma ɗaya: akwai kadmiyom a ledar, ko babu? Ku sa gargaɗi a jikin kayanku, ku kuma faɗa mana inda ake mayar da fasasshe.

Ban gaya wa Inna komai ba. Na ɓoye ragowar. Jiya, tana tari, ta tambaye ni ina na kai mata ledarta mai kyau.

Allah Ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, Ya tsare masa tasa mahaifiyar.

Wassalam.

Malama Hauwa,
Dogo Tebo, Potiskum.