Suna na Uku

Capra, ranar Talata

Zuwa ga Inna,

Ina taɓa ƙafafunki da gaisuwa. Ina fata tarin ya yi sauƙi, 'yar'uwata Kabutari da yaranta kuma suna lafiya. Ni lafiya lau, sai kewar girkinki.

Panda, malamin da ke yi wa matattu sadakar shinkafa a Gaya, bai sauya magana ba: curi uku, suna uku. Baba Mangru, Kaka Sohrai, sai mahaifin Kaka, wanda babu mai sanin sunansa a gidanmu. Ya ce in babu na ukun, na Baba ma ba zai isa gare shi ba. Kwana shida suka rage a kwanakin yi wa magabata sadaka, ga shi kin ce har yanzu Baba yana zuwa miki a mafarki, ya tsaya bakin ƙofa yana lasar leɓe.

Wuni biyu na yi a bencin ofishin tsofaffin takardu. Akawun ya ce, "Jikan masu lasar bango, ashe har sunaye gare ku?" Na yi dariya tare da shi, don takardun suna hannunsa. Turawa sunan iyayen gida masu tukunyar dahuwa kawai suka rubuta, mutanenmu sai tambarin yatsa. Amma ya ce in je Nunihat, inda aka dafa shora, gishirin albarushi.

Ɗanki,
Bisesar

Nunihat, ranar Juma'a

Inna, gaisuwa da fatan alheri. Ki zauna kafin a karanta miki wannan.

Na sauka wurin wata tsohuwa, Fulmatiya, wadda ta yi aikin shora tun tana yarinya. Ta dube ni ta ce, "Waɗannan kunnuwan na gidan Sohrai ne, ba a ɓoye su." Ta dama mini sattu, garin gasasshen wake, sannan ta nuna mini yadda ake yin shora: a kankaro farin da ke fitowa a tsofaffin bangaye da garken shanu, a ɗanɗana, in ya yi wa harshe sanyi a tace a dafa. Ƙasar da aka tace sai a tara ta a juji, baɗi ta sake yin fari.

Jujin Turawa yana nan, ya fi ɗakinmu tsawo. Shora ba ya fitowa da damina, kowa ya sani. Amma gefe ɗaya fari fat yake, jiya ma an yi ruwa. Akuya ba ta hawansa. Na ɗanɗana kafin Fulmatiya ta riƙe mini hannu. Inna, har yanzu harshena kamar na sa ƙanƙara.

Ta ce a nan jujin ya rufto wa mahaifin Kaka. Baturen wurin ya ce jirgin ruwa yana jiran kaya a Fatna, ba za a tsaya tono ba. Shekarar da ta biyo, gefen nan ya fi ko'ina bayarwa, aka kankara, aka dafa. Har matarsa tana cikin masu tacewa, da Kaka a goye.

Na tambayi sunansa. Ta ce, "Sohrai bai faɗa muku ba?" Na ce duk sanda aka tambaye shi sai ya ce "Guran," wato na juji, muka ɗauka zagin ubansa yake, har Baba ya hana a ƙara tambaya. Ta ce, "Ɗan nan, 'ya'ya huɗu uwarsa ta binne kafin shi. Sai ta sa masa sunan juji don mutuwa ta raina shi ta wuce."

Shekara da shekaru Kaka yana faɗa mana, Inna.

Tunda ba a ƙona gawarsa bisa al'adarmu ba, balle a sami toka, na ɗebi ƙasar tafi ɗaya a ƙyalle. Gobe sai Gaya.

Ɗanki,
Bisesar

Gaya, ranar Lahadi

Inna, ina gaishe ki, ina gai da kowa.

An yi, da hantsi, a bakin kogi. Panda ya yatsina fuska, ya ce wannan ba suna ba ne, in zaɓi wani mai kyau. Na ce da shi aka kira shi. Ya ce to in faɗa da bakina, sau uku, shi ba zai faɗa ba.

Na zuba ƙasar a ruwa, na ajiye curin, na faɗa. Na sake faɗa. A na ukun ban iya ba, amma an faɗa, daga bayan kafaɗata, muryar tsoho mai tari irin na Kaka. Panda ya ce madalla, ya juya ga na bayana. Na waiga, mata ne zalla a layin.

Ki aiko mini da amsa ta hannun mijin Kabutari ko Baba ya daina zuwa. Ina nan har in ji.

Ɗanki mai biyayya,
Bisesar