Sammacin Moutari

Wendover, Litinin

Gwaggo Rahina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙurinmu, ya kuma ƙafar?

Tunda kin daina ɗaukar wayata, ga takarda. Na san na ɗaga murya a gaban manya ranar addu'ar bakwai. Ki yafe mini muryar, amma maganar tana nan.

Yaya Ɗantala ya faɗa teku daga jirgin da yake aiki, aka tsamo gawa, muka binne, kowa ya ce ƙaddara. Na yarda. To ƙaddara ta hana tambaya ne? Mutum ɗaya ne yake tsaye kusa da shi a lokacin, abokin aikinsa Moutari, mutumin Maraɗi, kuma kowa a masallaci ya san yana ɗakin baya na gidanki a McLeansville yana shan kunu.

Da adireshina Moutari ya nemi aikin, shi ya sa sammacin ya zo hannuna. Coast Guard ne, masu binciken hatsarin teku. Suna nemansa a Wilmington ranar Talata ta sama. Gwaggo, wannan ba gayyatar suna ba ce da za a ce ya yi tafiya. Kullum na tashi daga aiki laburare nake wucewa, na karanta dokar da idona. In mutum ya mutu a jirgi suna da ikon hawa jirgin, su duba komai, su kira duk wanda ya gani su rantsar da shi. In ya ƙi zuwa su kai wa alƙali, alƙali ya tilasta shi. Wanda ya ɓoye shi ma bai tsira daga tambaya ba.

Sarƙar kariya ta bayan jirgin ta daɗe da tsinkewa, da igiya suka ɗaure ta. Yaya da kansa ya faɗa mini. Kamfani ya ce lafiyarta ƙalau, kuma jirgin yana can yana aiki da 'ya'yan mutane. Ni ji na yi, ji ba shaida ba ne. Moutari gani ya yi.

Baƙonki ne, na sani, ba a miƙa baƙo ga hukuma. Amma shi wanda ke kabari ɗan wa ne?

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Ma'aruf

McLeansville, Laraba

Ma'aruf,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, ƙafa da sauƙi. Allah ya yi maka albarka, ya rage maka zafin kai.

Ban ɗauki wayarka ba don kai a waya ba ka saurare, jira kawai kake mutum ya ja numfashi ka ɗora. A takarda dole ka kai ƙarshe.

Ba tsoron hukuma ya sa na riƙe yaron nan ba. Shekarata nawa a ƙasar nan, na san sammaci. Maganar sarƙar gaskiya ce, igiya ce a wurin, ya faɗa mini. Amma akwai abin da ba ka sani ba. Dokar jirgin ita ce ba a fita baya sai da rigar ceto a jiki. Yayanka ya fita da asuba zai yi alwala, ya cire rigar ya rataye, don tana hana shi sunkuyawa ya wanke ƙafa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, jirgi ya karkata, ya dafa igiyar, ba ta riƙe shi ba. Moutari ya ɗauke rigar daga inda take rataye kafin kowa ya gani. Tana cikin jakarsa yanzu haka.

Ya ce shi ba zai ɗaga hannu ya rantse ya faɗi rabi ba. In ya je, duka zai faɗa. Sai a rubuta cewa Ɗantala ya karya doka, kamfani ya wanke hannu, wasu su ce sallarsa ce ta kashe shi. Ɗansa ya girma ya karanta.

Mu an haife mu an ce a rufa wa mamaci asiri, ba ya nan balle ya kare kansa. Shi nake rufa wa, ba Moutari ba. To malamin laburare, me littafinka ya ce a nan?

Gwaggonka, Rahina

Wendover, Juma'a

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Na karanta, na kai ƙarshe kamar yadda kika ce.

Jiya ban je aiki ba. Na yi fushi da Yaya, Allah ya gafarta mini, na yi ta zaginsa a mota ni kaɗai. Mutumin da ba ya tayar da mota sai kowa ya ɗaura bel!

Littafin bai ba ni abin da nake so ba. Ni na ɗauka za su fito da takarda in kai kotu in shaƙe kamfani da ita. Ashe rahoton nasu ba a karɓarsa hujja a ƙarar diyya. Abin da suke nema shi ne yadda abin ya faru, don kada ya sake faruwa. Za su rubuta rigar. Za su rubuta igiyar. Ba su da ruwa da wanda zai ji kunya, mu ko kamfani.

Amma ki duba. In Moutari ya yi shiru, ba rigar kaɗai muka rufe ba, har da igiyar, kuma wani yana dafa ta yau da safe. Sannan ita rigar, masu jirgi sun san guda nawa gare su, za su nemi ɗaya su rasa. Ranar da aka same ta a jakar Moutari, sunan abin ɓoye shaida, kuma shi zai ɗauka, shi da ya yi don kunyarmu.

Ni ban ga abin kunya ba a ce mutum ya mutu yana alwala. Ganganci ne, ƙwarai, zan faɗa da bakina. Amma ba ni ke da ɗa ba, ba ni ke takaba ba. Kin yanke hukunci, ni ma na yanke, ba wanda ya tambayi Anti Hauwa'u, kuma mijinta ne. Ki faɗa mata duka. Abin da ta ce, na bi, ko da shiru ne. Wallahi na bi.

Ɗanki, Ma'aruf

McLeansville, Lahadi

Ma'aruf,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na faɗa wa Hauwa'u. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta sha yi masa faɗa a kan rigar nan, yana dariya yana cewa teku ta san shi. Ta ce gara ɗanta ya ji daga bakinta da ya ji daga bakin kamfani.

Ka zo Talata bayan asuba da motarka. Moutari zai tafi da jakar. Ni ma zan bi ku, kujerar gaba tawa ce saboda ƙafa. In mun shiga ɗakin binciken, shi aka kira ba kai ba. Ka zauna a baya ka kama bakinka.

Allah ya jiƙan Ɗantala.
Rahina