Ɗakin Haihuwa Yana Bayan Dutse

West Virginia, Maris 2009

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Nasir da yara. Wasiƙa na rubuto saboda waya ba ta kamawa a kwarin nan sai an hau tudu.

Mun iso garin da aka turo maigidana Muntaka. Kin san sharaɗin takardunsa na zama, sai ya yi wasu shekaru yana aikin likita a inda likitoci ke gudu. Yaya, da idona na ga Turawa riƙe da jarkoki a layin ɗiban ruwa. Na famfonmu ja ne kamar kunun tsamiya, wai haƙar kwal ce ta ɓata shi. Maƙwabciyata Abby, wadda ita ma ciki gare ta kuma watan haihuwarmu ɗaya, ita ta kai ni wani bututu a gindin dutse inda kowa ke tara ruwa. Na saki baki ina kallo har ta tambaye ni ko lafiya. Ashe Kano na baro don in zo Amurka ɗiban ruwa.

Na yi wa Muntaka zancen in zo wurinki in haihu, tunda ke nas ce, haihuwar fari ce kuma Inna tana can Kano. Ya ce nan Amurka ce, ba a tafiya wankan gida, kuma bai taɓa jin macen da ta bar likita a ɗaki ta tafi neman nas ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki, Saudatu

Largo, Maryland, Afrilu 2009

Saudatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya lau, yara suna gaishe ki. Na karanta wa Baban Nasir wasiƙarki ya ce zuƙi ta mallau ce kawai, sai da ya buɗe taswira ya ga tafiyar da ke tsakaninmu ko wuni ba ta cika ba a mota. Har yanzu jinjina kai yake yi. Ke ce mai raina ɗakin da kuka baro a Silver Spring, wai ƙarar bas ta hana ki barci. To ga fili nan kin samu, sai ki yi ta shan iska.

Ki gaya wa likita nas ɗin nan ita ta goya ki, kuma ita ce uwarki a ƙasar nan. Na riga na sayo gero da kanwa a shagon 'yan Afirka. Shi da wane ruwa zai dafa miki na jego, da jan ruwan nan naku?

Abu ɗaya nake so. Ki je da ƙafarki ki ga ɗakin haihuwar asibitinsu, ki rubuto min abin da kika gani.

Allah Ya raba lafiya.

Yayarki, Rabi

West Virginia, Mayu 2009

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na je, kuma har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Babu ɗakin haihuwa. Sun rufe shi tuntuni, tsofaffin kujeru ne jibge a ciki. Abby ta ce mace in naƙuda ta kama ta sai a tsallake dutse da ita zuwa wani gari, ta wata siririyar hanya mai kwana-kwana da motocin kwal suka cinye. Ita ɗanta na fari a bayan motar mijinta ta haife shi. Tana ba ni labari tana dariya.

Na tare Muntaka da maganar. Ashe ya sani tun kafin mu taso. Sai ya ce, “Saudatu, in kika tafi ba ni da wanda zan yi wa sallama a garin nan.”

Ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi. Shi kaɗai ne likita a wurin, ba masallaci, ba ɗan'uwa, ya rame sai ido. Ina jin zama zan yi, Yaya. Abby ma ai zaune take.

Ki sa ni a addu'a.

Saudatu

Largo, Mayu 2009

Saudatu,

Salam. Abby ba ta da yaya a Maryland, ke kina da ita. Ki haɗa kayanki, ranar Asabar muna tafe ni da Baban Nasir. Mijinki ya riƙa yi wa marasa lafiyarsa sallama kafin ki dawo. In ya ga na yi masa shisshigi, ya kai ƙarata Kano wurin Inna, mu ji wa za ta bai wa gaskiya.

Sai mun zo.

Rabi

Largo, Yuli 2009

Malam Muntaka,

Assalamu alaikum, barka da arziki. Na bar saƙo a asibitinku ba ka kira ba, shi ya sa na rubuto. An samu 'ya mace, mai kama da kai har goshin.

Ba zan ɓoye maka ba, mun ga tashin hankali. Bayan mabiyiya ta faɗo jini ya ɓalle mata. Shekaruna nawa ina aikin nas, amma ranar salati kawai na kama. Kafin in gama salati ɗakin ya cika da likitoci, an rataya mata jini, an wuce da ita tiyata. Yanzu tana gida tana shan kunun kanwa, tana yi min raki kan ruwan zafi.

Suna ranar Lahadi. Ka zo da wuri, na huce.

Yaya Rabi

West Virginia, Yuli 2009

Yaya Rabi,

Wa'alaikumus salam. Na gode Allah, na gode miki.

Ba zan samu zuwa suna ba. Abby ta rasu. Irin jinin Saudatu ne ya ɓalle mata. Ina tare da ita a motar asibiti, hannuna a kan cikinta, ba mu kai ga gangara dutsen ba. Jaririn yana raye. Ranar Lahadi za a binne ta, mijinta ya roƙe ni in tsaya.

Baban Nasir ya wakilce ni, a sa wa yarinya sunanki. Kada Saudatu ta ji wannan labari sai ta yi ƙwari. In ta yi arba'in, don Allah kada ki dawo min da ita garin nan.

Wassalam.

Ƙaninki, Muntaka