A Fasa Gangunan Ƙofata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Wakil Modu, mai kemis a Hammadu Kafi, nake rubuta wannan da hannun daman da ya rage mini. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke ƙafata da hannun hagu, amma kaina garau yake, babu kuma wanda ya matsa mini. Zuwa gare ku 'ya'yana, Abba Gana da Zara.

Na ɗaya. Gado a raba shi yadda Allah ya yanke, limamin unguwa zai tsaya muku. Kemis da gidan da ke bayansa kada a sayar. Zara ta riƙe magani, ita ta yi karatunsa. Abba Gana ya riƙe sayayya, tunda shi ko a lahira sai ya nemi ragi.

Na biyu, kuma saboda shi na ɗauki biro. Gangunan siminti shida da ke ƙofarmu, a fasa su.

Kun san ni na dasa su, amma ba ku san abin da suka yi ba, lokacin kuna makaranta. Shekarar da bam ya tashi a tasha, mu da muka gudo daga Maiduguri mun ga ido. Mutum ya kalli zanen fuskata, ya ja ɗansa gefe. Sai na ce zan fi kowa tsanani don a san ni ba na masu tayar da bam ba ne. Na cika ganguna da siminti, na bar 'yar kafa wadda mutum ɗaya zai bi a karkace, na sayi na'urar nan mai ƙara da ake shafa wa mutane. Unguwa ta yaba mini. Wallahi na ji daɗin yabon.

Akwai Malam Bamanga, gurgu mai gyaran takalmi a Gabukka. Yana da gyambo a ƙugu saboda yawan zama, duk Talata bayan azahar yakan tuƙo kekensa na hannu har ɗakin ciki in wanke masa. Talatar farko bayan ganguna, keken bai shiga ba. Ya roƙe ni in matsar da guda ɗaya, a lokacin simintin ko gama bushewa bai yi ba. Na ƙi. Ana ta jita-jitar ana ɓoye abu a ƙarƙashin irin kekunan nan, ga mutane tsaye suna kallona. Bawan Allah ya sauko, ya ja jiki a kan ƙasa mai zafi ya shigo ta kafar. Ni kuma, kaico, na sunkuya na shafa masa na'ura yana ƙasa. Mutumin da na san jikinsa fiye da nawa!

Na wanke gyambon, ya yi godiya, ya ja jiki ya fita. Bai sake dawowa ba. Bayan wata huɗu na ji gyambon ya shiga jini, ya rasu a asibiti.

Tun daga nan, duk Talata bayan azahar ina jin kukan sarƙar kekensa. Yakan taho daga wajen masallaci, ya zo daidai ganguna ya tsaya. Zara, kin sha tambayata me nake leƙe a taga. To kin ji. Ban haukace ba, na san babu kowa a wurin. Amma ina ji, kuma ina jin tsoro.

Na uku. Matarsa, Safiyyatu, tana nan a Gabukka. Sau biyu ina zuwa bakin layinsu ina juyowa. Ku je ku biyu, ku faɗa mata yadda aka yi ba tare da gyara mini ba, ku nema mini gafara. In ta ƙi, kada ku ga laifinta.

Na huɗu. Vitalis maƙwabcinmu mai kayan gini shi ya sayar mini da simintin, shi kuma ya ce kafar ta yi kaɗan. Na ce masa ya ji da shagonsa. Shekara uku ke nan sai ɗaga hannu daga nesa. Shi ke da gaskiya. Ku gaya masa haka, ku ba shi aikin ƙofar: gangara mai sauƙi, faɗin da keke zai juya, da ƙarfen dafawa.

Abba Gana, na san kana son matakala biyar da tayil mai santsi irin na sababbin filaza, har kun daina cin abinci tare da ƙanwarka a kan wannan. Ka bari. Ban yarda ba, ina raye ko ba na nan.

Na biyar. A rage tsayin kanta ta gefe ɗaya, mai zaune ya ga fuskar mai ba shi magani. A ajiye takarda da biro saboda kurame, a daina yi musu ihu. Makaho a ɗaura masa roba a kwalba, roba ɗaya maganin safe, biyu na yamma. Wanda ya kasa zuwa sati biyu, a je a dubo shi. Ni ban je ba.

Na shida. Ƙofar kemis ita ce ƙofar gidanmu. Jiya na sa Zara ta auna mini kafar da igiya, ta ɗauka rigimar tsufa ce. Makara ba za ta bi ta nan ba. Na san ku, ranar za ku ce a ɗaga ni ta sama a wuce. Kada ku kuskura. Ku kira Vitalis cikin satin nan, ina so in ji ƙarar guduma da kunnena.

Ku riƙe juna, ku riƙe salla, kada tsoro ya sa ku wulaƙanta wanda ya zo ƙofarku neman sauƙi. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya dawo mana da zaman lafiya, ya jiƙan mahaifiyarku, ya jiƙan Malam Bamanga. In kuma ajali ya riga guduma, ku ajiye ni a ƙasa a bakin gangunan, in jira kamar kowa har a buɗe hanya.

Mahaifinku,
Wakil Modu